Kufan Wata Mahaƙar Dalma A Karkarar Ingila

A tsakiyar ƙasar Ingila, tsakanin manyan biranen nan biyu na masana'antu, watau Manchesta da Sheffield, akwai wani lardi mai tuddai da kwaruruka wanda ake kira Derbyshire. Mutanen wannan lardi sun yi kusan shekara dubu biyu suna haƙar dalma, tun zamanin da Rumawa suka mallaki ƙasar, don kuwa an sha tono curin dalma da aka zuba a wancan zamani, da tambarin Rumawa a jikinsa. Yau dai sana'ar ta zama tarihi. Abin da ta bari shi ne dubban ramuka a cikin gonaki da makiyaya, da tulin ƙasa wanda ciyawa ta rufe, da kangaye nan da can.

Daga cikin waɗannan kufai babu wanda gine-ginensa suka rage a tsaye kamar na wata ƙaramar mahaƙa da ake kira Magpie, kusa da ƙauyen Sheldon, kimanin mil uku yamma da garin Bakewell. Magpie sunan wani tsuntsu ne mai baƙi da fari, ɗan'uwan hankaka. An fara ambaton mahaƙar a takardu cikin shekarar 1740, aka kuma ɗauke hannu daga gare ta ɗungum cikin 1958. A tsakanin nan an buɗe ta an rufe ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ta ci dukiyar masu jari, ta kuma ci rayuka. Shekarun da ta ba da ribar kirki kaɗan ne. Amma ramin da aka haƙa, da ruwan da ya cika shi, da gubar da aka baza a bakinsa, suna nan har gobe, alhali masu su sun daɗe da zama ƙasa. Wannan ne ya kamata mai karatu ya riƙe a zuci yayin da za mu zaga da shi cikin wannan kufai.

DUTSEN DA MUKA SANI

Kafin mu shiga, ya kyautu mu san abin da aka zo nema. Dalma ba ta fitowa daga ƙasa a kamannin da maƙeran fari suka san ta. Tana zuwa ne a cikin wani dutse mai nauyin gaske, mai launin toka da walƙiya, wanda in an buge shi da guduma sai ya farfashe ƙanana-ƙanana masu kusurwa huɗu, kamar an yanka da wuƙa. Masana suna ce masa galena. Mu kuwa ba baƙonmu ba ne, domin shi ne dutsen tozalin nan da 'yan koli suke kasawa a kasuwanninmu. In aka raba tsantsar dutsen kashi 100, wajen kashi 86 dalma ce, saura kuwa farar wuta. Turawan da sun yi rufin majami'u da dalma, da bututun ruwa, da harsashi, da farin fenti. A zamaninmu kuwa mafi yawan dalmar duniya wajen yin batir take tafiya.

Ƙasar wannan yanki ta dutsen farar ƙasa ce. Shekaru miliyoyi da suka wuce dutsen ya tsattsage, ruwa mai zafi ɗauke da ma'adinai ya taso daga ƙarƙashi ya cika tsagogin, abin da ya ɗauko ya daskare a ciki. Waɗannan tsagogi su ne 'yan haƙa suke bi, mu ce da su jijiyoyi. Wata jijiyar faɗinta bai fi taki ɗaya ba, amma sai ta yi tafiya mai nisa a miƙe, ta kuma nutsa ƙasa a tsaye kamar bango. Saboda haka mai neman dalma tilas ne ya yi ta yin ƙasa. Ga shi kuwa dutsen farar ƙasa kamar soso yake wajen shan ruwa, Ingila kuma ƙasa ce wadda ruwan sama ba ya yanke mata duk shekara. To, ka ji asalin wahalar Magpie.

ABIN DA IDO ZAI GANI

Daga Sheldon tafiyar ƙasa ce ta kamar rabin mil. Ana bin wata 'yar turba wadda ta ratsa makiyaya, ana ƙetare katangun duwatsu irin waɗanda manoman wurin suke jerawa ba laka ba siminti. Wurin tudu ne, ya kai ƙafa 1,000 bisa teku, ba itatuwan kirki da za su tare iska, don haka ko da bazara baƙo yana bukatar rigar sanyi. Babu mai gadi, babu mai karɓar kuɗi. Dabbobi ne suke kiwo a gindin gine-ginen.

Tun daga nesa abin da ido yake fara cin karo da shi bututun hayaƙi ne guda biyu na dutse, ɗaya kewayayye, ɗaya mai kusurwa huɗu, dukansu an gina su wajen 1840. Kewayayyen salon mutanen Cornwall ne, watau 'yan haƙar kudu maso yammacin Ingila waɗanda aka ɗauko aiki a lokacin, mai kusurwar kuwa salon 'yan ƙasa ne.

Kusa da kewayayyen bututun ga kangon gidan inji na 1869, da bango mai kauri, ba rufi. A cikinsa aka taɓa girka wani ƙaton injin tururi wanda faɗin silindarsa inci 70 ne. Aikinsa guda ɗaya ne dare da rana: ya ɗaga wata doguwar sanda ya sauke, ita kuma sandar ta motsa famfunan da suke can cikin rami suna zuƙo ruwa. Kwal yake ci, kwal kuwa sai an ɗauko shi daga nesa a keken doki an hau tudu da shi.

A gaban wannan kango babban ramin yake. Zurfinsa ƙafa 728 ne, watau da rijiya ce sai a ce gaba 120 da ɗoriya. An rufe bakinsa da ragar ƙarfe, mutum yana iya matsawa ya leƙa, iska mai sanyi tana bugun fuskarsa. Ƙafa fiye da 100 na ƙarshen ramin a cikin ruwa suke. A bisa ramin akwai hasumiyar ƙarfe da kejin da ake sauke ma'aikata a ciki, duk na shekarun 1950, gefe kuma ga wani ɗakin kwano inda injin da yake jan kejin yake.

In aka matsa sai gidan wakilin kamfani, da maƙera a manne da shi, inda a da ake wasa ƙarafan huda dutse. Can kuma nesa da kowa ga wani ɗan ɗaki kewayayye kamar rumbu. Ɗakin albarushi ne, an ware shi don in tsautsayi ya auku ya tsaya a kansa.

Akwai kuma wani ƙaton gangan katako bisa turke, wanda aka sake ƙerawa don a nuna yadda ake jawo kaya kafin zuwan tururi. Doki ake ɗaura wa ya yi ta zagaye, kamar dokin da yake juya injin matsar rake a wurin masu mazarƙwaila. Igiya tana naɗuwa, guga ɗaya yana hawowa cike da dutse, ɗaya yana sauka wofi. Ramin da wannan ganga yake kai tun asali ba na Magpie ba ne, na maƙwabtanta ne. Kusancin nan kuwa shi ya haifar da rigimar da ta ɓata sunan wurin.

DOKAR 'YAN HAƘA

Ba za a fahimci rigimar ba sai an san dokar da 'yan haƙar lardin suke bi. Tsohuwar al'ada ce wadda aka rubuta a garin Ashbourne cikin 1288, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, majalisar dokokin ƙasar kuma ta sake tabbatar da ita cikin 1851 da 1852. Al'adar ta ba kowane mutum, kome talaucinsa, ikon neman dalma a ƙasar kowa ba tare da izinin mai gona ba, in ban da harabar majami'a, da lambuna, da manyan hanyoyi. Wanda ya sami sabuwar jijiya sai ya kai mudun dutsen farko ga wani jami'i da ake kira Barmaster, mu ce sarkin ma'adinai. Shi kuma ya auna masa rabonsa a tsawon jijiyar, da ma'aunin da tsawonsa ya bambanta gwargwadon gunduma. A al'adance kowane mudu na goma sha uku na mai ƙasa ne. Suna kuma da kotunsu ta kansu, mai suna Barmote, wadda har yanzu takan zauna a garin Wirksworth don raya al'ada. A can aka ajiye mudun tagulla na zamanin Sarki Henry na Takwas, wanda da shi ake gwada sauran mudaye.

Akwai wani sashe na dokar wanda ya shafi zancenmu kai tsaye. Ba a yarda mutum ya riƙe rami ya bar shi a banza ba. In wani ya kai ƙara cewa an daina aiki a rami kaza, sai sarkin ma'adinai ya je ya yi tsaga da wuƙa a jikin katakon da ake jan guga da shi. In ya dawo ya yi tsaga ta biyu, ya sake dawowa ya yi ta uku, mai ramin bai koma aiki ba, sai a ƙwace a ba mai ƙara. Dabara ce mai kyau, amma fa tana amfani ne a ramin da wani yake kwaɗayi. Wanda dalmarsa ta ƙare ba mai kai ƙara a kansa, ba mai neman gadonsa, sai ya zauna a gonar mutane.

HAYAƘIN 1833

Cikin 1824 masu Magpie suka girka injin tururi mai zuƙe ruwa, irin wanda Thomas Newcomen ya ƙago tun 1712. Ruwa ya ja da baya, aka sami damar yin ƙasa, har cikin 1827 aka fitar da tan 800, abin da ba a sake samun kamarsa ba sai 1871. Amma garin bin jijiya sai hanyoyin Magpie suka ɓulla cikin na maƙwabta, watau mahaƙun Maypitt da Red Soil, kowa kuma ya ce jijiyar tasa ce. Aka yi shekaru ana kai da kawowa a kotun Barmote ba a raba gardama ba.

Da shari'a ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai ɓangarorin suka koma ga wata mummunar dabara. Kowanne ya riƙa cinna wuta a ƙarƙashin ƙasa don hayaƙi ya kori abokan gaba, kamar yadda yara suke yi wa gafiya a rami. Cikin 1833 hayaƙin da 'yan Magpie suka tayar ya rutsa da maƙwabtansu a inda ba mafita, mutum uku suka mutu. Aka tuhumi 'yan Magpie 24 da kisan kai. Aka saki waɗansu tun da wuri, sauran kuma kotu ta sallame su daga baya, domin ba a iya tantance wanda ya cinna wutar ba, kuma ta bayyana cewa ɗaya ɓangaren ma ya yi tsokana. Mutanen yankin suna ba da labari wai matan mamatan sun yi wa mahaƙar baki. Ko da baki ko babu, shari'a ta tsotse masu jari, aka rufe Magpie cikin 1835.

YAƘI DA RUWA

Cikin 1839 wani shahararren injiniyan ma'adinai mai suna John Taylor, wanda ya riƙe manyan mahaƙu a Cornwall da Wales, ya sake buɗe ta. Shi ne ya zo da mutanen Cornwall ɗin nan da muka ambata, ya kuma kawo sababbin dabaru, kamar su igiyar ƙarfe, da hular kare kai, da lagwanin albarushi mai ci a hankali, wanda yake ba mai kunnawa damar gudu. Ya ƙara zurfin babban ramin, amma ruwa ya fi ƙarfin injinsa. Masu hannun jari suka rabu biyu, waɗansu suna so a sayi injin da ya fi girma, waɗansu suna so a haƙa magudana. Ba su daidaita ba, aiki ya tsaya cikin 1844.

Bayan shekara ashirin da 'yan kai wani ɗan kasuwar Sheffield, John Fairburn, ya karɓi ragama. A zamaninsa aka gina gidan injin nan na 1869. Da kuɗin kwal ya yi yawa, sai aka koma ga shawara ta biyu. Arewa da mahaƙar akwai wani kwari mai zurfi inda kogin Wye yake gudu. Cikin 1873 aka fara huda tudun daga bakin kogin, ana yin hanya ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon fiye da mil ɗaya, don ruwan ramin ya riƙa gangarawa da kansa ba tare da inji ba. A hanya aka ci karo da wani baƙin dutse mai taurin tsiya. Sai da aka yi shekara takwas, watau cikin 1881, sa'an nan magudanar ta haɗu da mahaƙar a zurfin fiye da ƙafa 500.

Aikin ya yi nasara, amma a makare. A waɗannan shekaru dalma mai araha ta cika kasuwa daga ƙasashen waje, musamman Sifen da Amurka, daga baya kuma Ostireliya, farashi ya faɗi warwas. Cikin 1883 kamfanin ya durƙushe. An yi 'yan ƙoƙarce-ƙoƙarce a farkon ƙarni na 20, ba su kai ko'ina ba. Yunƙuri na ƙarshe ya zo ne a farkon shekarun 1950, sa'ad da Yaƙin Koriya ya ɗaga farashin ƙarafa, wani kamfani ya kawo famfunan lantarki. Yaƙin ya tsaya cikin 1953, farashi ya sauka, ruwa kuwa bai fasa zuwa ba. Cikin 1958 aka kashe inji aka tafi.

RAMI BA YA BARCI

Wanda ya tsaya a kufan nan ya ga dabbobi suna kiwo zai ce kome ya lafa. Shekara takwas bayan an rufe, ramin ya nuna ba haka ba ne. Cikin 1962 wani sashe na magudanar ya rufta ya toshe ta. Ruwa ya yi ta taruwa a cikin tudun ba mai gani. Cikin 1966 ya fasa gefen tudun ya fito da ƙarfi, ya kwashi duwatsu da itatuwa ya zuba cikin kogin Wye har ya datse wani ɓangarensa. Sai cikin 1974 'yan sa-kai suka sake buɗe bakin magudanar. Har yau miliyoyin galan na ruwa suna fita ta cikinta kowace rana.

Bayan ruwa sai su kansu ramukan. 'Yan haƙar da, in sun gama da rami, sukan gitta katako a bakinsa su jibga duwatsu ko ƙasa a kai. Katako kuwa ruɓewa yake yi. Saboda haka ƙa'idar mai yawo a irin wannan fili ita ce kada ya bar turba, kada ya taka inda ƙasa ta lotsa, kada kuma ya hau tulin duwatsun da bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba. A ciki ma haka abin yake. Maimakon su jawo duwatsun banza sama, sukan kafa katako tsakanin bango da bango su loda su a kai. Abin da mutum zai ɗauka daɓe ne, wataƙila rufi ne a bisa wani rami, wanda yake kuma sama da kansa lodi ne a kan itacen da ya shekara ɗari yana shan laima.

Sa'an nan ga iska. A inda iska ba ta zagawa, wadda ake shaƙa takan ragu, wata mai nauyi wadda ba ta da wari ba ta da launi ta taru a ƙasa, mutum ya faɗi bai san abin da ya kā da shi ba. Masu haƙar rijiya da masu yasa sun san wannan sarai. Domin waɗannan dalilai an hana baƙi shiga ƙarƙashin ƙasa a Magpie. Wanda yake so ya gani da idonsa sai ya tafi garin Matlock Bath, inda ake shiga da mutane wata tsohuwar mahaƙa mai suna Temple, da ja-gora da hular kwano.

Haɗarin da ya fi daɗewa kuwa yana nan a fili, cikin tulin ƙasar da ya kewaye wurin. A da, mata da yara ne suke farfasa dutsen da guduma a bakin rami, su wanke shi, su ware mai nauyi. Abin da suka zubar bai rasa sauran dalma ba, ita kuwa dalma ba ta ruɓewa. Manoman lardin suna da kalma ta musamman, belland, da suke kiran ciwon da yake kama dabbar da ta yi kiwo a irin wannan ƙasa. Shi ya sa a wurare da yawa suka kewaye tsofaffin jijiyoyi da katanga, ko suka dasa itatuwa a kansu don su raba dabbobi da ciyawar wurin. Akwai waɗansu ƙananan fararen furanni masu jure guba, waɗanda suke yaɗo a kan tulin, mutanen wurin suna kiransu da sunan da ke nufin ganyen dalma. Duk inda aka gan su sun yi yawa, alama ce ta abin da ke cikin ƙasar.

YADDA RAMI YA SAMI MAGAJI

To, me ya sa duk da haka mutum yake iya zuwa Magpie da iyalinsa ya zaga ya koma gida lafiya? Domin ramin ya sami magaji. Cikin 1959 waɗansu masu sha'awar tarihin haƙar ma'adinai na yankin suka kafa ƙungiya, cikin 1962 kuma suka karɓi kula da wurin. 'Yan sa-kai ne, ba albashi suke karɓa ba. Sun gyara bangayen da suka nemi zubewa, sun tattara taswirori da takardun tsofaffin kamfanoni, sun kuma mai da gidan wakilin nan masaukin masu bincike. An rufe bakunan ramuka da raga ko kankare. Gwamnati ta sa wurin cikin jerin kufan tarihi da doka ta kare, yana kuma cikin gandun ƙasa na Peak District, wanda aka kafa cikin 1951, na farko irinsa a Biritaniya. Watau aikin da kamfanonin da suka haƙa ramin ba su yi ba, waɗansu ne da ba su ci ko anini daga cikinsa ba suke yinsa, yau shekara sittin da ɗoriya.

INA NAMU?

Wannan dutse yana nan a ƙasarmu. Jijiyoyinsa sun bi kwarin Binuwai, tun daga Ishiagu da Abakaliki a Jihar Ebonyi, zuwa Arufu da Akwana a ƙasar Wukari, da Zurak a ƙasar Wase ta Jihar Filato, har Gwana a Jihar Bauchi. Kamfanonin Turawa sun haƙa a waɗansu daga cikin waɗannan wurare zamanin mulkin mallaka, suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Wanda kuma ya san ƙasar Jos ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari.

Illar dalma kuwa mun ɗanɗana ta fiye da kowa. Cikin 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda dutsen zinariyar da ake kawowa cikin gidaje ana niƙawa yana ɗauke da dalma mai yawa. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa, ƙungiyar likitocin nan ta MSF kuma tana yi wa yara magani, aikin bai kai ga garin Bagega ba sai 2013. Cikin 2015 abin ya sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado na dalma a jini wanda aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa. Ko tozalin ma abin lura ne. Cikin 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

Dokar Ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gyara ƙasar da ya haƙa, ta kuma yi tanadin asusu domin wannan aiki. Tanadi ne mai kyau ga ramin da mai shi yake nan. Tsofaffin ramuka, waɗanda kamfanoninsu suka mutu tun kafin a haifi masu dokar, su ne suke bukatar magaji. Abu na farko shi ne a san yawansu da inda suke, dagatai da masu unguwanni kuwa sun fi kowace taswira sanin wannan. Bayan haka a rufe bakunansu da abin da ba ya ruɓewa, a auna ƙasa da ruwan rijiyoyin da ke kusa, a kuma hana kai dutse cikin gida inda yara suke rarrafe. Matasan da talauci yake turawa cikin ramukan da aka bari, su ma suna da hakkin a gaya musu cewa iskar da ke ciki tana kisa tun kafin a ga ƙyallin dutse.

Mutanen Derbyshire sun gama cin kuɗin Magpie tun zamanin kakanninsu, amma har yau jikoki ne suke gyaran ragar bakin ramin, suna duba magudana kada ta sake toshewa. Duk wanda zai sa hannu a takardar ba da izinin haƙa a ƙasarmu, ya kamata ya tambayi mai nema tun ranar farko, wa zai riƙe wannan rami bayan dalma ta ƙare, kuma da kuɗin wa.